King Kong na 2005: wa ya riƙe fim ɗin, 'yan wasa ko kwamfuta?

Tambaya: Malam, musu ya kaure tsakanina da abokaina a kan fim ɗin King Kong na 2005. Su sun ce babu ɗan wasan da ya yi abin a zo a gani a cikinsa, aikin kwamfuta ne kawai da gurnanin dodanni. Ni kuwa na ga kamar jarumar ta yi ƙoƙari. Tunda harkar koyar da wasan kwaikwayo kake, yaya kake ganin rawar da manyan 'yan wasan suka taka?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fi abokanka kusa da gaskiya, sai dai ka ƙirga mutum ɗaya a inda ya kamata ka ƙirga biyu. Naomi Watts da ta fito a Ann Darrow, da Andy Serkis da ya fito a Kong ba tare da an ga fuskarsa ba, su suka ɗauki fim ɗin a ka. Jack Black ya yi rabin aikin da kyau, ɗaya rabin ya fi ƙarfinsa. Shi kuwa Adrien Brody an ɗauko babban ɗan wasa ne aka rasa abin da za a ba shi ya yi.

Kafin a yi wa kowa hukunci sai an san abin da suka gada. Fim ɗin asali ya fito a 1933, Merian C. Cooper da Ernest B. Schoedsack suka ba da umarni, Fay Wray ce Ann. Aikinta a wancan fim, daga lokacin da Kong ya ɗauke ta har zuwa ƙarshe, tsoro ne da ihu da suma. Ta iya su ƙwarai, har yau da ihun ake tuna ta, amma ko sau ɗaya Ann ta 1933 ba ta ji tausayin birin ba. An sake yin fim ɗin a 1976 da Jessica Lange, aka sa mutum cikin rigar biri, aka ɗan ba jarumar tausayi, sai dai rubutun ya mai da ita shashasha. Peter Jackson, daraktan na 2005, wanda ya ga na 1933 a talabijin yana ɗan shekara 9, shi da abokan rubutunsa Fran Walsh da Philippa Boyens sai suka juya labarin gaba ɗaya: suka mayar da shi labarin halittu biyu da kaɗaici ya dame su, kowanne ya gane ɗan'uwansa. Da zarar an yi haka nauyi ya koma kan fuskar jaruma. In mai kallo bai yarda da idonta ba, dala miliyan 207 da aka kashe sun tafi a banza.

Watts ta zo fim ɗin nan da suna a hannunta. Ta yi Mulholland Drive a 2001, ta yi The Ring a 2002, aka sa ta cikin masu takarar Oscar saboda 21 Grams na 2003. Duk finafinai ne na mace da ke cikin ruɗani ko baƙin ciki, kuma wannan sanin ta shigo da shi. Duba farkon fim ɗin tun kafin a je tsibirin da Kong yake. Birnin New York ne a 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, an rufe gidan wasan barkwancin da Ann ke aiki, yunwa ta kai ta ga satar tuffa guda. Carl Denham, mai shirya fim da Jack Black ya fito a matsayinsa, ya biya kuɗin tuffar ya kai ta gidan abinci. Ka lura da yadda take cin abincin: hannunta na sauri, amma tana ƙoƙarin riƙe mutuncinta, tana satar kallon mutumin don ta gano me yake nema a wurinta. Da ya fara ba ta labarin fim ɗin da yake son yi, sai ta karɓe labarin daga bakinsa ta ƙarasa shi da ƙarshe mai ɗaci, idonta na kallon wani wuri da ba ya cikin ɗakin. A minti biyu ko uku ta shaida mana cewa wannan mace ta saba da rasa duk abin da ta so. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan tubalin ya hau.

Wahalar aikinta ta gaske ta fara ne a tsibirin. Mafi yawan abin da kake gani a kewayenta babu shi lokacin ɗauka. A situdiyo ne a Wellington ta ƙasar New Zealand, da koren ƙyalle a bayanta, wani lokaci tana cikin wani ƙaton hannu na roba ana jijjiga ta. Kusan tsawon sa'a guda na fim ɗin ba ta da abokin magana, kalmominta ba su taka kara sun karya ba. Ɗan wasan da bai ƙware ba in aka bar shi haka, abu ɗaya yake yi: ya zaro ido, ya buɗe baki, ya riƙe wannan fuskar har darakta ya ce a yanke. Watts kuwa tunani take yi a gaban kyamara, kana ganin shawara na shiga kanta tana fita.

Fitowar da nake nuna wa ɗalibaina ita ce wadda Kong ya ajiye ta a bakin wani dutse bayan ta yi yunƙurin gudu ya kamo ta. Ta gane ihu ba zai fisshe ta ba. Sai ta koma ga sana'arta: ta yi faɗuwar gangan irin ta 'yan barkwanci, ta tashi, ta yi rawa, ta ɗauki duwatsu tana cillawa sama tana cafewa. Abin lura shi ne murmushin da ke fuskarta na aiki ne, irin na wanda ke gaban 'yan kallo, amma numfashinta na mai tsoron mutuwa ne, idonta kuma bai bar fuskar birin ba, tana auna wanne ya karɓa wanne bai karɓa ba. Cilla duwatsun bai burge shi ba. Faɗuwar ce ta ba shi dariya. Sai ya fara ture ta da ɗan yatsa, ta faɗi, ya ji daɗi, ya sake turewa. Watts ta bar murmushin ya riƙa gushewa kaɗan-kaɗan, gajiya da ciwo suna maye gurbinsa, har ta kai inda ta daka masa tsawa ta ce a'a, ya isa. A wannan daƙiƙar fuskarta ta nuna abu biyu tare, fushin da ya riga ya fita da kuma firgicin abin da ta aikata. Daga nan ta daina zama abin wasansa. Da ba a yi wannan fitowar da kyau ba, babu mai yarda da sauran fim ɗin.

To ga inda abokanka suka yi kuskure. Wanda take kallo a wannan lokacin mutum ne. Andy Serkis yana wurin ɗaukar, sanye da wata riga mai kumburarrun kafaɗu, ana ɗaga shi sama a kan na'ura domin idonsa ya kai inda idon biri mai tsawon ƙafa 25 zai kasance, kuma ana bi da muryarsa ta lasifika ana kaurara ta ta zama gurnani. Yana mayar mata da martani nan take. In ta canza abu, shi ma ya canza. Bayan an gama da sauran 'yan wasa ya koma wani ɗaki na daban aka manna masa ɗigo-ɗigo a jiki da fuska, kyamarori suna naɗar motsinsa, ya sake yin wasan daga farko, sannan ma'aikatan kamfanin Weta Digital suka ɗora birin a kai.

Serkis ya riga ya yi irin wannan aiki a matsayin wata halitta mai suna Gollum a finafinan The Lord of the Rings na Jackson, amma Gollum sarkin surutu ne. Kong ba shi da kalma ko ɗaya. Saboda haka ya je gidan namun daji na Landan ya daɗe yana zama da goggon birai, ya kuma tafi Ruwanda ya ga na kan tsaunuka a dajinsu. Abin da ya koyo yana nan a fili. Kong ɗin 2005 a kan gaɓoɓin yatsunsa yake tafiya kamar goggon biri na gaske, yana zaune yana tauna gora, ba ya yawan haɗa ido, in abu ya dame shi sai ya kau da kai ya yi kamar bai gani ba. Tsoho ne, jikinsa duk tabo, muƙamuƙinsa a karkace, ga ƙasusuwan danginsa a hanyar kogonsa. Serkis ya fahimci cewa halittar da ta shekara da shekaru ita kaɗai ba ta san yadda ake zama da wani ba, shi ya sa duk kusantar da zai yi wa Ann sai ta zo da gargada.

Koma kan waccan fitowar. Da Ann ta ce a'a, sai Kong ya hau bori, yana farfasa abubuwa yana dukan dutse, har wani dutse ya faɗo masa a ka. Sai ya tsaya cak. Ya ɗan saci kallonta ya ga ko ta gani, sannan ya juya ya tafi. Kunya ce ƙarara. Haka kuma bayan ya yi faɗa da manyan ƙadangarun nan uku ya ɓalla muƙamuƙin na ƙarshe, ya daki ƙirji, me ya yi? Ya juya mata baya ya ɗauke kai, kamar maigidan da aka ɓata wa rai ya ƙi taɓa tuwon dare yana jiran a zo a ba shi haƙuri. Sai da ta biyo shi da gudu tana kira ya ɗauke ta ya aza a kafaɗa. Kwamfuta ba ta san fushin shagwaɓa ba. Wani ne ya zauna ya yanke cewa a nan Kong zai yi zuciya, ya kuma san tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya waiwayo.

Sai dai a yi adalci. Fuskar mutum da ta goggon biri ba tsari ɗaya ba ne, dole masu zanen motsi su fassara abin da Serkis ya yi zuwa tsokar biri, kuma wuraren faɗa da tsalle-tsalle da lilo a jikin kurangar daji galibi aikin hannunsu ne, babu ɗan Adam da zai iya su. Don haka Kong na mutane da yawa ne. Kyautar Oscar ma ta wannan ɓangaren ta zo: fim ɗin ya ci uku, ɗaya ta siddabarun hoto, biyu ta sauti, kuma ba a sa ko ɗaya daga cikin 'yan wasan a takara ba. A ganina an ci wa Watts haƙƙi a wannan shekarar. Shi kuwa Serkis matsalarsa ta wuce fim ɗaya, domin ko da ya fito a wani biri mai suna Caesar a finafinan Planet of the Apes daga 2011, inda aikinsa ya ƙara fitowa fili, masu ba da kyautar ba su taɓa sa shi a jerin 'yan wasa ba. Ma'aunina dai mai sauƙi ne: a wuraren da Kong ke zaune shiru yana sauraro, abin da kake gani shawarar ɗan wasa ce, kuma waɗannan wuraren ne mutane ke tunawa.

Akwai inda Watts ta gaza? Akwai, ko da yake laifin rabi nata ne rabi na darakta. Jackson ya ƙaunaci fuskarta fiye da kima. A kashi na ƙarshe, bayan an kawo Kong New York, kyamara tana komawa kan idonta cike da ƙwalla sau da yawa har abin ya fara zama ɗabi'a, kana iya cewa ga shi nan za a sake. Fitowar da suke zamiya a kan ƙanƙarar tafkin Central Park ta raba masu kallo gida biyu, wasu na ganin ta yi zaƙi da yawa. Ni ina tare da ita, saboda nan ne kaɗai a fim ɗin muka ji Ann ta yi dariyar da ba ta neman abinci ba ce, kuma Watts ta bambanta wannan dariyar da waccan ta bakin dutse sarai. Abin da ta kiyaye har ƙarshe, wanda ya fi komai wuya, shi ne ba ta bar alaƙar ta koma soyayya irin ta mace da namiji ba. Kallon da take masa na wanda ya ga an zalunci mai ƙarfi ne, kuma ya san da hannunsa a ciki.

Wani abu a gefe: in a fassarar Hausa kuka kalli fim ɗin, irin wadda murya ɗaya ke bin kowa da kowa, to ban yi mamakin hukuncin abokanka ba. Mai fassara ba ya son shiru, in ya ga minti biyu babu magana sai ya cike da nasa zancen, wani lokaci har ya sa wa birin baki. A wannan fim kuwa shirun shi ne wasan. Ku nemi na asali ku sake kallon tsakiyarsa, ko da ba a jin Turanci ba a rasa komai ba.

Yanzu Jack Black. Zaɓensa ya ba mutane mamaki, domin a lokacin da barkwanci aka san shi, musamman School of Rock na 2003. Denham ɗin 1933, wanda Robert Armstrong ya yi, ɗan kasada ne mai faɗa da cikawa. Na Jackson kuwa maƙaryaci ne da bashi ya yi wa katutu, ya sace fim ɗin da masu kuɗi suke shirin ƙwacewa, ya tsere a jirgin ruwa 'yan sanda na binsa. An gina shi da ɗan kamannin shahararren daraktan Amurka Orson Welles yana matashi. A nan Black ya dace ƙwarai. Girarsa da ke tashi ɗaya ta bar ɗaya, da yadda yake rage murya in zai yi ƙarya kamar yana ba ka sirri, sun sa ka gane dalilin da mutane masu hankali ke bin sa zuwa halaka. Wurin da ya fi burge ni shi ne bayan an kashe mai ɗaukar sautinsa, ya tashi ya yi jawabi cewa za a ƙarasa fim ɗin don tunawa da mamacin, a ba matarsa da 'ya'yansa ribar. Can gaba mai ɗaukar hotonsa ya mutu, sai ya maimaita jawabin kusan kalma da kalma. Black bai yi shi da sigar wasa ba. Ya yi shi kamar mutumin da ya yarda da ƙaryarsa a duk lokacin da yake faɗinta, kuma fuskar mataimakinsa Preston, wanda Colin Hanks ya yi, ita ke gaya mana abin ya fara wari.

Inda ya gaza shi ne inda ake bukatar nauyi. Lokacin da kyamararsa ta fashe a cikin wani rami mai cike da manyan ƙwari a tsibirin, fim ɗin da aka yi asarar rayuka dominsa ya lalace, ya kamata mu ga mutum ya rushe sannan wani abu mafi muni ya tashi a madadinsa, wato shawarar kama Kong da rai. Black ya zaro ido ya ƙura, amma cikin idon babu kowa. Dabararsa ta barkwanci ita ce ya nuna maka yana sane da cewa kana kallonsa, kuma wannan sanin bai taɓa barinsa gaba ɗaya ba. Abin ya fi fitowa a jimlar ƙarshe ta fim ɗin, wadda aka gado daga 1933, inda Denham ke tsaye kan gawar Kong yana cewa ba jiragen sama suka kashe shi ba, kyakkyawa ce ta kashe dodo. Jackson ya so Fay Wray da kanta ta faɗi wannan jimla, amma ta rasu a watan Agusta na 2004 tana da shekara 96, kafin a kai ga haka. Sai ta koma bakin Black, ya faɗe ta a sanyaye, ba a san ko nadama yake ba ko kanun tallan gobe yake shiryawa. Wasu na cewa da gangan ne. Ni dai a kunnena jimlar ta faɗi ƙasa, kuma ba laifinsa kaɗai ba ne: a wannan sabon labarin kowa ya ga cewa haɗamar Denham ce ta kashe Kong, don haka maganar ba ta da mazauni ko a bakin wa aka sa ta.

Batun Adrien Brody gajere ne. Ya zo da Oscar ɗin da ya ci da The Pianist yana ɗan shekara 29. A 1933 Jack Driscoll, wanda Brody ya fito a matsayinsa a wannan karon, mataimakin kyaftin ɗin jirgin ruwa ne, ƙaƙƙarfan namiji. Jackson ya mai da shi marubucin wasan kwaikwayo da aka yaudara ya maƙale a jirgi, yana buga keken rubutu a cikin kejin dabbobi. Tunanin yana da kyau, kuma Brody da doguwar fuskarsa mai kama da ta wanda bai yi barci ba ya dace da kejin. Amma da aka isa tsibiri sai rubutun ya bukaci ya zama jarumin ceto, ba tare da an nuna mana yadda marubuci ya rikiɗe haka ba. Soyayyarsa da Ann 'yan kallo-kallo ne a jirgi da sumba ɗaya. Duk lokacin da ya zo ceto, mai kallo ji yake an katse masa abin da ya fi so. Rungumar da suka yi a saman ginin Empire State bayan Kong ya faɗo ba ta da ɗumi, kuma ba na jin akwai ɗan wasan da zai iya ba ta ɗumi a wannan gurbin.

Akwai waɗanda ba a ba su damar yin wasa ba sam, su ne mutanen tsibirin. An shafe su da baƙi, an juya musu ido, an sa su karkarwa da kisa, babu ko ɗaya da aka ba shi hali irin na ɗan Adam. Fim ɗin da ya ɓata lokaci mai tsawo yana nema wa biri mutunci bai nema wa waɗannan ko kaɗan ba, kuma an soki Jackson a kan haka tun fitowar fim ɗin. Sukar tana kan hanya.

Cikin ƙananan 'yan wasa, Kyle Chandler ya fi kowa cin ribar ɗan lokacin da aka ba shi. Shi ne Bruce Baxter, jarumin fim mai son kansa da ke manna hotunansa a ɗakinsa na jirgi yana gwada gashin baki a madubi, wanda da wuta ta yi wuta ya ce shi jarumtakarsa ta gaban kyamara ce, ya juya. Da shi Jackson ya yi wa irin jaruman 1933 shaguɓe, har ya sa shi da Ann suka maimaita wata hira daga tsohon fim ɗin a matsayin fim cikin fim. Labarin yaron jirgi Jimmy da ubangidansa Hayes kuwa, duk da ƙoƙarin Jamie Bell da Evan Parke, yana cikin abin da ya kumbura fim ɗin ya haura sa'a uku, ya sa sai an yi fiye da sa'a guda kafin a ga Kong. In kuma kana son ganin fuskar Serkis ta gaske, shi ne Lumpy, kukun jirgin nan mai kanne ido ɗaya da taba a baki, wanda manyan tsutsotsi suka haɗiye a cikin rami.